Rufe Littafin, Ki Faɗa Mini

Ranar da suka fara haɗuwa, fankar ɗakin karatu ce ta mutu.

Auta na zaune a teburin da ke kusa da taga, inda ta saba zama tun wata huɗu. Ita ce ta ƙarshe cikin 'ya'ya biyar, shi ya sa sunan ya bi ta daga gida har makaranta. Ta gama makarantar ungozoma shekara biyu da suka wuce, amma jarrabawar da ke ba mutum lasisin aiki sau biyu tana kayar da ita. Zama ɗaya ya rage mata. Wanda ya faɗi sau uku, aji yake komawa daga farko.

Wani saurayi ya shigo da tsani a kafaɗa, ya kafa shi dab da teburinta.

"Malama, ko za ki ɗan matsa? Datti zai zubo."

Ta ja kujerarta ba tare da ta ɗago ba. Ya hau, ya fara kwance fankar. Can sai ta ji muryarsa daga sama.

"Wannan littafin da launinsa aka sayo shi?"

Ta dubi shafin da ke gabanta. Daga sama har ƙasa ta shafe shi da biro mai launin rawaya.

"Muhimman wurare nake shafawa."

"Ashe duk shafin muhimmi ne." Ya hure ƙusar da ke hannunsa. "Kuma tun da na hau nan kin ɗauki wayarki sau goma sha ɗaya. Ina ƙirgawa."

Sai a lokacin ta ɗaga kai ta dube shi. Dogo ne, siriri, da fensir a bayan kunne.

"Fanka aka kira ka gyara ko ni?"

"Fanka," ya ce. "Ita ta fi sauƙi."

Ba ta yi dariya ba. Amma da ta koma gida ta tsinci kanta tana ba yayarta labarin wani mai gyaran wuta marar kunya, kuma ta ba da labarin har sau biyu.

Aikin nasa bai tsaya a fanka ba. Wayoyin ginin duk sun tsufa, aka ba shi mako biyu ya sauya su. Ma'aikatan wurin suna kiransa Injiniya, ita ma ta bi sahu, da farko don tsokana.

A rana ta uku ya same ta a bencin waje tana shan ruwa, littafin buɗe a cinyarta.

"Tun safe me kika karanta?"

"Babi biyu."

"To rufe littafin, ki faɗa mini."

Ta rufe da ƙarfin gwiwa. Ta buɗe baki. Ta san shafin, ta san hoton da ke gefen dama, har ta san inda bironta ya fara ƙarewa. Abin da ke rubuce ne kawai ya ƙi zuwa. Ta faɗi jimla ɗaya da rabi, ta tsaya.

"Awa biyar," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Kullum haka nake yi. Wani lokacin awa tara."

Bai yi mata dariya ba. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya bar tazara tsakaninsu. Ya ce shi a aji uku na sakandare ya bar makaranta, lokacin da mahaifinsa ya rasu. Da ya tashi neman takardar shaidar aikin lantarki, awa ɗaya kacal yake samu da safe kafin ya fita aiki. Maigidansa kan ba shi zanen wayoyin gida ya duba na ɗan lokaci, sai ya fizge, ya miƙa masa farar takarda ya ce ya zana daga ka.

"Na tsani mutumin nan wata shida," ya ce. "Amma zama ɗaya na yi na ci."

"Ciki da haihuwa ba wayar wuta ba ne."

"Kai dai ɗaya ne. Gwada na mako guda. In bai yi ba, ki koma fentinki."

Ta gwada, ba don ta yarda ba, sai don ba ta da wata dabarar. Abu na farko da ya raba ta da shi ita ce wayarta. Kowace safiya takan miƙa wa matar da ke kula da ɗakin, ta kulle a aljihun tebur sai la'asar. Kwana biyun farko hannunta ya riƙa lalubar gefen littafi shi kaɗai.

"Ni ma aikina waya ne," in ji Injiniya, "amma tawa in ta ja mutum sau ɗaya, yana hankalta."

Takan karanta na rabin awa, ta rufe littafi, ta rubuta abin da ta tuna a farar takarda, sannan ta buɗe ta ga inda ta yi ɓaranɓarama. Ta tashi ta zaga baranda na minti biyar, ta dawo. Ya yanko mata kwalayen ƙwan lantarki ƙanana-ƙanana, ta rubuta tambaya a gaba, amsa a baya. Wanda ta amsa daidai sai bayan kwana uku ta sake ganinsa, sannan bayan mako. Wanda ya kayar da ita, gobe da safe yana jiranta.

In ya tashi daga aiki sukan zauna a bencin, ta yi masa bayani kamar ga ɗalibi. Dokarsa ɗaya ce: in bai gane ba, ita ce ba ta gane ba. Cikin wata guda mai gyaran wuta ya san matakan naƙuda fiye da yawancin magidanta.

Aikin ginin ya ƙare, bai daina zuwa ba. Babu wanda ya tambaye shi dalili.

Saƙonninsa ba sa shigowa sai ta karɓi wayarta. Rawaya yake kiranta, saboda launin bironta.

"Rawaya, tambayar yau. Alamomi uku da za su sa ki garzaya da mai tsohon ciki asibiti. Kada ki buɗe littafi, ina ganinki."

"Ba ka ganina. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Ka ci abinci?"

"Na ci. Wannan tambayar ta ƙarshe ba ta cikin manhaja."

"Tana cikin tawa."

Ya ɗau minti goma kafin ya amsa.

"To ki rubuta ni a kwali. Gaba: wa ke son Rawaya? Baya: kin san amsar. Ki riƙa dubawa kullum, ba bayan kwana uku ba."

Ta karanta sau huɗu, ta kife wayar, ta ɗauki tsintsiya ta share ɗakin da aka riga aka share.

A gida kuwa Baba yana lura. Tsohon shugaban makaranta ne, ya yi shekara talatin yana gaya wa yara cewa karatu wahala ne, wanda bai ji jiki ba bai yi ba. Ga 'yarsa ta koma dawowa da wuri, tana barci da wuri, littattafanta a rufe, tana zaune da guntayen kwali tana magana da bango.

"Yarinyar nan ta saki karatu," ya gaya wa Umma.

Wanda ya kawo masa bayani shi ne ɗan amininsa, wani malamin kwaleji da kowa ke kira Farfesa, ko da yake bai kai ba tukuna. Ya daɗe yana zuwa gidan da ƙunshin takardu masu kauri don Auta, kuma kowa ya san ba takardun ne suke kawo shi ba. Baba yana son sa. Shi ne ya ce ya wuce ta gaban ɗakin karatu ya gan ta a benci da wani mai gyaran wuta, suna ta dariya.

Baba ya kira ta falo bayan sallar magariba.

"Wane ne shi?"

"Yana taimaka mini da karatu ne, Baba."

"Mai gyaran wuta zai koya wa ungozoma karatu? Wace makaranta ya gama?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Zama ɗaya ya rage miki. Ɗaya. Ban hana ki aure ba, amma ba zan zuba ido wani ya cinye miki lokaci da surutu ba. Ga wanda ya san darajar ilimi yana ta wahalar kawo miki takardu, ko buɗewa ba kya yi."

"Na fi ganewa yanzu, Baba, wallahi."

"Haka kika ce bara."

Wannan ta shige ta. Ta tashi ta koma ɗaki.

Bayan kwana biyu, da ta karɓi wayarta da la'asar, saƙo ɗaya ta tarar.

"Rawaya, daga yau har ki fito daga ɗakin jarrabawa ba za ki gan ni ba, ba za ki ji ni ba. Kada ki tambaye ni dalili. Ki ci gaba yadda kika saba. Kin iya."

Ta kira sau shida, bai ɗauka ba. Ta rubuta, "Me na yi maka?" Ta ga alamar an karanta. Amsa ba ta zo ba.

Saura mako biyar jarrabawa.

Farfesa ne ya sake kawo labari, wannan karon a gaban Auta, yana juya cokali a kofin shayi kamar abin bai dame shi ba. Ya ce ya ga mutumin nata a ƙofar wani shagon kayan wuta, da wata yarinya, da irin kwalayen nan a hannu. "Da alama sana'arsa ce ta biyu," ya ce.

Ba ta yarda ba sai da ta bi ta layin da kanta. Daga tsallaken titi ta hango su. Yana riƙe da kwali, yarinyar ta rufe ido tana ƙirga amsa da yatsu, shi kuma yana gyaɗa kai kamar yadda yake yi mata. Auta ta tsaya har motoci uku suka wuce, sannan ta juya.

Kwana uku ta yi tana huce haushinsa a kan kanta. Ta ƙi ba da wayarta, ta sayi sabon biro mai launi, ta buɗe takardun Farfesa ta shafe su shafi bayan shafi. A rana ta huɗu ta rufe su don ta ga me ya zauna. Babu abin da ya zauna.

Ta daɗe tana kallon farar takardar. Sai ta yanke cewa mutumin zai iya tafiya da ƙafafunsa, amma dabarar ba gadon gidansu ba ce. Ta miƙa wa matar ɗakin karatu wayar, ta fito da kwalayenta.

Ɗalibi kawai ta rasa, sai ta kama Umma a kicin.

"Umma, zauna in yi miki bayanin matakan naƙuda."

"Ni da na haifi biyar?"

"Kin haifa, amma ba ki rubuta jarrabawa ba."

"Ke ce jarrabawar, kwana biyu kika yi kina wahalar da ni." Amma ta zauna, tana yankan albasa tana jefo tambayoyin da babu su a littafi. In Auta ta yi inda-inda, Umma ta ce, "Ban gane ba, sake." Baba kan wuce ta ƙofar kicin, ya ɗan rage tafiya, ya wuce.

Saura kwana tara, matar yayanta ta zo yini. Cikinta wata takwas. Ta zauna a falo tana murza goshi, ta ce tun jiya kanta ke sarawa. Umma ta ce zafi ne. Farfesa, da ya zo gaishe da Baba, ya ce ta sha maganin ciwon kai ta kwanta.

Auta ta kawo mata ruwa, sai idonta ya sauka a hannun matar. Zoben ya nutse cikin yatsa.

"Anti, yaushe hannunki ya kumbura haka?"

"Kwana biyu. Har fuskata, in na tashi da safe."

"Idonki fa? Kina gani sosai?"

"Wani lokacin kamar hazo-hazo."

Auta ta shiga ɗakin Baba ta ɗauko na'urar da yake auna hawan jininsa. Ta auna, ta jira, ta sake aunawa. Sannan ta miƙe.

"Baba, a tada mota. Asibiti za mu yanzu."

"A bari mijinta ya dawo mana," in ji Farfesa. "Gaggawar me ake?"

"A kira shi ya same mu can." Ba ta ko dubi inda yake ba. Baba kuwa, wanda bai saba karɓar umarni a gidansa ba, ya ɗauki makulli.

A asibiti aka kwantar da ita nan take. Likitar da ta fito ta tambayi wanda ya ce a kawo ta, aka nuna Auta. Ta ce da an kwana a gida, da labarin ya iya zama wani. Bayan kwana biyu aka ciro jaririya ƙarama mai ƙarfin murya, uwa da 'ya lafiya.

A barandar asibitin Baba ya zauna kusa da 'yarsa.

"Ko littafi ba ki duba ba."

"An taɓa tambayata, Baba. Aka sake bayan kwana uku, aka sake bayan mako."

"Wa ya tambaye ki?"

Ta dubi ƙasa. Baba ya gyaɗa kai a hankali.

Ranar jarrabawa shi ya kai ta da kansa, ya kuma jira a mota awa uku da jarida a hannu. A ciki, Auta ta buɗe takarda ta ga tambayoyin kamar mutanen da ta saba gaisawa da su. Biyu sun ba ta wuya. Ta tsallake su, ta dawo daga baya, ɗaya ta buɗe, ɗaya ta ƙi.

Da ta fito, Injiniya na tsaye a bakin ƙofa cikin riga mai guga. Ya rame kaɗan. Ta wuce shi kamar turken wuta, ta buɗe mota ta shiga.

Baba bai tada motar ba.

"Je ki gaishe shi."

"Ba ni da abin da zan ce masa."

"Ni na je shagonsu," Baba ya ce, yana kallon sitiyari. "Na ce in da gaske yake, ya fita hanyarki har ki gama, kuma kada ya gaya miki ni na sa shi. Na zaci zai yi gardama, ko ya riƙa bi ta bayan gida. Ya ce mini to. Je ki, rana na dukansa."

Ta fita a hankali. Ta tsaya nesa da shi kaɗan.

"Wace ce yarinyar da na gani a shago?"

"Sannu da fitowa, Rawaya. Ya jarrabawar?"

"Na tambaye ka."

Ya yi ɗan tunani, sai fuskarsa ta saki. "Mai rufe ido tana ƙirga yatsu? Ƙanwata ce. Tana shirin jarrabawar gama sakandare. Ta fi ki taurin kai, amma ba ta fenti."

"Mako biyar," ta ce. "Ko kalma ɗaya."

"Na rubuta miki kullum. Ban tura ba ne kawai." Ya miƙa mata wayarsa. Saƙonni talatin da biyar a jere. Ta buɗe na ƙarshe, na safiyar ranar.

"Rawaya, ki karya kumallo kafin ki fita. In tambaya ta ƙi, ki wuce ta, za ta biyo ki. Ina bakin ƙofa. Ko kin ci ko ba ki ci ba, ina bakin ƙofa."

Ta mayar masa da wayar, ta goge ido da gefen mayafi.

"Ka tura su duka. Ɗaya-ɗaya. Ni zan ga ranar da zan amsa."

Ta amsa kafin su isa gida.

Sakamako ya fito bayan mako shida. Sunanta na cikin goman farko. Farfesa ya aiko da saƙon taya murna mai sakin layi huɗu, daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga gidan, ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

Da baffannin Injiniya suka zo neman aure, Baba ya saurare su har suka gama, sannan ya sa aka shigo da shi.

"Shekara talatin ina koyarwa," ya ce, "ban taɓa cewa yaro ya rufe littafi ba. Kullum buɗe nake cewa. To, na ba ka. Amma ka ji: sau ɗaya na kore ka, ka tafi ba musu. Daga yau ko ni na kore ka, kada ka tafi."

Aka ɗaura auren wata uku bayan ta fara aiki a asibitin unguwa. Taron bai yi yawa ba: dangi, abokan aikinta, da masu gyaran wuta kusan ashirin da suka zo cikin kaya iri ɗaya suka cika layin da hayaniya.

Da yamma, da za a tafi da ita, Umma ta riƙe hannunta a bakin ƙofa ta yi ta addu'a. Yayyenta mata suka yi kuka, suka yi dariya, suka sake kuka. Aka nemi Baba aka rasa.

Can aka same shi a waje yana zagaya motar da za ta ɗauke su, yana taka tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa direban ta baya kamar iskarta ta yi ƙasa. Direban ya duba ya ce lafiyarta ƙalau. Baba ya ce a sake dubawa.

Auta ta shiga ta zauna kusa da mijinta. Baba ya zo ya rufe ƙofar da kansa, ya sake buɗewa ya gyara gefen rigarta da ya fito, ya rufe. Ya sunkuyo ta taga, ya dube su su biyun.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Suka ce amin.

Ya bugi rufin motar sau biyu da tafin hannu, ya ja da baya.

"A tafi a hankali," ya ce wa direban. "Auta ce."